Idan an rufe makaranta saboda dusar ƙanƙara, wa zai zauna da yaran?

Sabuwar Zuwa, Minneapolis:
Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. A watan Agusta muka iso garin nan daga Kano, ni da maigidana da yara uku, babbar tana da shekara goma sha ɗaya, na tsakiya bakwai, autan kuma biyar. Makarantarsu ta aiko da takarda cewa idan dusar ƙanƙara ta yi yawa ko sanyi ya tsananta, za a iya rufe makaranta, ko a jinkirta buɗewa da awa biyu, ko a sallami yara kafin lokacin tashi, kuma sau da yawa ba za mu sani ba sai da asubahin ranar. Ni ƙarfe shida nake fita zuwa gidan kula da tsofaffi, inda ba a ɗaga wa ma'aikaci ƙafa don an yi dusa, tunda tsofaffin suna nan suna jiran mai ba su magani ko an yi ko ba a yi ba. Maigidan ne yake raka yaran wurin jiran bas, sannan ya wuce nasa aikin, ba ya dawowa sai biyar na yamma. Da a gida ne, sai in tura su wurin kakarsu, ko in leƙa ta katanga in ce wa maƙwabciya ga amana. A nan ban san sunan mai ƙofar da ke kallon tawa ba. Ku da kuka riga mu zuwa, yaya kuke yi?

Malamar Firamare, Saint Paul:
Wa alaikumus salam, ƙanwata, barka da zuwa ƙasar sanyi. Bari in fara da yadda ake yanke hukuncin, domin saninsa yana rage fargaba. Ba shugaban makarantarku ba ne yake rufewa, hukumar makarantun gunduma ce, kuma takan duba abu biyu: ko an share hanyoyi yadda bas za ta iya bi, da kuma tsananin sanyin da fata take ji idan an haɗa da kaɗawar iska. A wannan yanki namu, idan wannan lissafi ya kai wajen digiri 35 ƙasa da sifili a ma'aunin Farenhait, wato kusan 37 ƙasa da sifili a Salshiyos, to akan fara maganar rufewa ko da ba a zubar da ƙwayar dusa ɗaya ba, saboda yaron da ya tsaya jiran bas a irin wannan yanayi kunnensa da yatsunsa suna iya daskarewa cikin kimanin minti goma zuwa goma sha biyar. A ranar 6 ga Janairun 2014 gwamnan jihar na lokacin, Mark Dayton, ya rufe dukan makarantun gwamnati na Minnesota saboda sanyi kawai, amma ba kasafai gwamna yake shiga ba; galibi kowace gunduma da nata hukuncin, har za ki ga an rufe a garinku an buɗe a garin da ke maƙwabtaka da ku.

Abin da zan roƙe ki ki yi a wannan makon shi ne ki je ofishin makarantar da ƙafarki ki tabbatar lambar wayarki da ta maigidanki suna daidai a rajistarsu, domin ta saƙon waya da imel ake sanarwa, kuma mutanenmu da yawa sukan canza layi bayan sun iso su manta ba su gaya wa makaranta ba. Sannan ki dubi takardar da ake rubuta sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaro. Ba za mu miƙa yaro ga wanda sunansa ba ya cikinta ba, ko da yaron ya rungume shi yana kiransa Kawu.

Hajiya Babba, Bronx:
'Yata, ni ban ga abin tayar da hankali a nan ba. Kina da yarinya mai shekara goma sha ɗaya. Ni a shekarunta ina tuƙa tuwon gida guda, da goyon ƙanina a bayana, kuma ban ƙone kowa ba. Shekarata talatin da wani abu a ƙasar nan, na yi rainon 'ya'ya biyar, kuma duk ranar da aka rufe makaranta babbarsu nake bar wa sauran, in dafa abinci in ajiye, in ce kada a buɗe wa kowa ƙofa. Mun zo ƙasar mutane muna neman mu mayar da 'ya'yanmu ragwaye, yarinya ta kai munzali ba ta iya riƙe gida na wuni ɗaya ba.

Mazaunin Maryland:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba na musun tarbiyyar da kuka samu, mu ma ita muka tarar. Sai dai akwai doka a tsakani, kuma ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. A nan Maryland laifi ne a bar yaron da bai kai shekara takwas ba a gida ko a mota ba tare da wani amintacce mai aƙalla shekara goma sha uku ba. Ke nan da 'yar'uwarmu a jiharmu take, barin mai bakwai da mai biyar a hannun mai goma sha ɗaya ya saɓa wa doka kai tsaye. A lardin Manitoba na Kanada shekara goma sha biyu ne iyaka. Wanda takardunsa na zama ba su gama daidaita ba, bai kamata ya bari sunansa ya shiga fayil ɗin ma'aikatan kare yara a kan abin da za a iya kauce masa ba.

Malamar Firamare, Saint Paul:
Minnesota ba ta rubuta takamaiman shekaru a dokarta ba, amma akwai ƙa'idojin da ma'aikatan kare yara suke bi idan an kai ƙara, kuma suna duba shekarun yaron da tsawon lokacin da irin halin da aka bar shi a ciki. Ƙanwata tana iya tambayar ofishin ƙaramar hukumarsu, ba sai ta faɗi sunanta ba.

Baban Yara, Buffalo:
Ni ba ta fuskar doka zan amsa wa Hajiya ba, da abin da idona ya gani zan amsa mata. Hajiya, barin babbar yarinya da ƙannenta a ranar da gari yake lafiya abu ne daban, barin ta a ranar da aka rufe makaranta saboda guguwa kuma wani abu ne daban, domin dalilin da ya sa aka rufe makarantar shi ne zai iya hana uwa da uba dawowa.

Ranar Juma'a 23 ga Disamban 2022 na fita aiki da sassafe, ana ɗan yayyafi, har ina cewa a raina masu hasashen yanayi sun cika zuzuta abu. Kafin hantsi iska ta juya, ruwan ya koma dusa, ya zama mutum ba ya ganin motar da ke gabansa. Garinmu yana bakin tafkin Erie ne, kuma idan iska mai sanyi ta bi ta kan ruwan tafkin da bai daskare ba, takan kwaso danshi ta juye shi a kanmu. Cikin kwana huɗu an zubar da fiye da inci 50, wato sama da mita ɗaya da kwata. An hana tuƙi a cikin birnin kusan kwana shida. Akwai lokacin da motocin asibiti da na kashe gobara su kansu suka kasa fita, ka kira lambar gaggawa a ce maka babu mai iya zuwa. Mutum fiye da 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu, wasu a bakin hanya, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke, wasu kuma zuciya ce ta buga musu suna kwasar dusa da shebur.

Kwana biyu na yi a wurin aiki ina barci a kan kujera. Allah ya sa maiɗakina tana gida ranar. Wuta ta ɗauke musu, kuma a nan ne muka koyi cewa na'urar ɗumama gida, ko da da gas take aiki, tana bukatar lantarki kafin ta hura zafin. Ta tara yaran a ɗaki ɗaya, ta toshe ƙasan ƙofa da tawul, suka shige bargo guda. Madarar jaririyarmu ta ƙare a rana ta biyu, sai wata maƙwabciya da ba mu taɓa wuce gaisuwa da ita ba ta ratso dusa har ƙugu ta kawo gwangwani ɗaya. Yanzu ki cire uwar daga wannan labari, Hajiya, ki sa yarinya mai shekara goma sha ɗaya a gurbinta. Tuƙa tuwo ba zai gagare ta ba. Amma ba na son 'yata ta zama ita ce mai yanke shawarar ko a zauna a gidan da ke daskarewa ko a fita da ƙananan yara cikin guguwa.

Hajiya Babba, Bronx:
Baban Yara, na ji, kuma Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ka sani ba kowace ranar rufe makaranta ce irin taku ta Buffalo ba. Mafi yawansu dusa ce ta safe, kafin azahar an share titi, kowa ya kama harkarsa. Idan muka ce duk sanda aka rufe sai uwa ta ajiye aiki, wa zai biya kuɗin haya? Yawancin 'yan'uwanmu aikin awa suke yi, ranar da ba ka je ba babu ko sisi, kuma idan ka cika faɗin uzuri sai a nemi wani. Masu aikin ofis da ke buɗe kwamfuta a falo su ce suna aiki daga gida, ba su ne za su koya wa mai wankin tsofaffi yadda za ta yi ba.

Baban Yara, Buffalo:
Wannan gaskiya ce, Hajiya, kuma ni ma direban babbar mota ne, ba na aiki daga falo. Ban ce uwa ta ajiye aiki ba. Cewa na yi a nemo babban mutum na uku tun kafin ranar, kuma a bambanta rana da rana. Hukumar hasashen yanayi takan fitar da sanarwar a zauna cikin shiri kwana ɗaya ko biyu kafin babbar guguwa, sannan ta fitar da gargaɗi idan abin ya tabbata. Duk ranar da aka kai matakin gargaɗi, a ganina dole babba ya kasance tare da yara, ko da za a yi asarar kuɗin wuni.

Direban Bas, Winnipeg:
Ni da nake tuƙa bas ɗin makaranta zan ƙara wani abu da sababbin zuwa Kanada suke ruɗewa a kai. A nan sau da yawa akan soke bas amma a bar makaranta a buɗe. A birninmu idan sanyin da ake ji tare da iska ya kai 45 ƙasa da sifili a Salshiyos da asuba, bas ba ta fita, amma malamai suna aji, wanda ya iya kai ɗansa ya kai. Dalili kuwa shi ne man dizal yakan yi kauri a tsananin sanyi, inji ya ƙi tashi ko ya mutu a hanya, kuma bas ɗin da ta mutu da yara arba'in a ciki ba ta daɗewa ba ta zama firiza ba. Saboda haka a karanta saƙon da kyau, kada a ga kalmar sokewa a ɗauka hutu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ake turowa wurin jira babu hular sanyi babu safar hannu, wai ai minti biyar ne kawai. A ranar dusa bas takan makara da rabin awa. Ku gaya wa yaranku tsawon lokacin da za su jira, da inda za su koma idan ba ta zo ba, musamman idan kun riga kun kulle gida kun tafi. Na taɓa iske wani yaro ɗan Afirka ta Yamma yana kuka a bakin titi, ba don sanyi kaɗai ba, sai don bai san ko laifi ne ya koma gida ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Houston:
Ina so in ja hankalinmu ga abin da yake kashe mutane bayan an riga an taru a gida, domin sau da yawa ba sanyin ne yake kisa ba, dabarar da aka yi don korar sanyin ce. A watan Fabrairun 2021 guguwar sanyi ta faɗa wa Texas, jihar da gidajenta ba a gina su don irin wannan ba. Gidaje da wuraren kasuwanci fiye da miliyan huɗu suka rasa wuta, wasu na kwanaki, bututun ruwa suka daskare suka fashe, makarantu da dama suka kasa buɗewa ko bayan garin ya yi ɗumi saboda ruwa ya cika azuzuwa. Hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu. A waɗannan kwanaki asibitocin birninmu sun karɓi ɗaruruwan mutanen da suka shaƙi iskar kabon monoksaid, wato iska mai guba da ke fita idan gawayi ko mai ko gas suna ƙonewa, da yawansu yara ne, saboda an shigar da murhun gawayi cikin falo, ko an kunna janareta a gareji, ko an zauna a cikin mota tana aiki a garejin da ke rufe don a ji ɗumi a yi cajin waya.

Na tsaya a kan wannan ne saboda mu muna da al'adar da ke sa mu fi wasu kusa da wannan haɗari. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zinder ko Jos ya san kaskon garwashi a ɗakin tsohuwa lokacin hunturu, kuma hannu yakan tafi ga abin da ya saba idan wahala ta zo. To, ko a gida kasko yana kisa idan an rufe ɗaki ruf, balle a gidajen nan da aka liƙe tagoginsu don kada iska ta shiga. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ba ta da launi. Alamarta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, kuma idan kika ga duk gidan sun kama ciwon kai lokaci guda, ki fitar da kowa waje kafin ki tsaya tunani, sannan ki kira lambar gaggawa. Janareta a waje ake ajiye shi, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga. Ba a ɗumama gida da obin ko murhun gas. Kuma kowane gida ya samu ƙararrawar da ke gano wannan iska, mai aiki da batir, kusa da ɗakunan barci.

A nan zan taɓo mu mata, kuma da ni a ciki. Da yawanmu mun cire batirin ƙararrawar hayaƙi saboda tana ihu duk sanda muka sa turaren wuta. Ni ma na taɓa cirewa na manta wata biyu. A mayar da shi yau.

Hajiya Babba, Bronx:
Wannan magana ta turaren wuta ta same ni, ba zan ɓoye ba. Kuma tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ya sa duk da gardamar da nake yi, akwai abu ɗaya da ban yarda a bar wa yaro ba, wato hitar ɗaki mai jona wa lantarki. Ranar 9 ga Janairun 2022 gobara ta tashi a wani dogon bene a nan Bronx, mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, kuma akasarinsu Musulmi ne 'yan asalin Gambiya, mutanen da muke haɗuwa da irinsu a masallaci da kasuwa. Hita ce ta haddasa wutar, hayaƙi kuma ya bi benen saboda ƙofofin da ya kamata su rufe kansu sun tsaya a buɗe. Tun daga ranar na hana a kwana da hita a kunne a gidana, na hana a jona ta a doguwar wayar ƙari, kuma babu labule ko katifa ko kayan shanya da ke kusantarta da ƙasa da ƙafa uku. Masu haya kuma su san haƙƙinsu. A birninmu na Niyok daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole mai gida ya ba da ɗumi, da dare kada ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 62 na Farenhait, idan ya ƙi a kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birnin. Mutanenmu sukan yi kawaici su sayi hita maimakon su kai ƙara, to kawaicin nan ba na wurinsa ba ne.

Maman 'Yan Biyu, Atlanta:
Kowa yana maganar rufewar asuba, ni kuwa sallamar tsakar rana ce ta fi ba ni tsoro. Ranar 28 ga Janairun 2014 dusar da ta zuba a Atlanta ba ta wuce inci biyu zuwa uku ba, abin da mutanen Minnesota za su yi wa dariya. Amma makarantu da ofisoshi da kamfanoni duk suka sallami mutane kusan lokaci guda, titi ya zama ƙanƙara, motoci suka cushe, har dubban yara suka kwana a makarantunsu, wasu suka yi awoyi a cikin bas. Tun daga lokacin, idan yaro yana shan magani kullum, kamar na asma, ina tabbatar akwai wani a wurin jami'ar lafiya ta makaranta da takardar izini. Kuma na koyi cewa idan an ce yaro yana makaranta cikin ɗumi tare da malamai, gara a bar shi can da a fita nemansa a hau kan ƙanƙara a ƙara yawan waɗanda za a ceto.

Ɗan Zazzau, Manchester:
Mu a Ingila shugaban kowace makaranta ne yake yanke hukuncin rufewa, kuma dusa kaɗan takan tsayar da komai saboda ba a saba ba. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018 dubban makarantu sun rufe a faɗin Birtaniya. Ni tambayata daban ce: idan an rufe, karatu ake yi ko hutu? Na ji an ce a Amurka yanzu an mayar da ranakun karatu ta intanet.

Malamar Firamare, Saint Paul:
Ya danganta da wuri, Malam. Dokar Minnesota ta yarda gunduma ta yi har kwana biyar a shekara na karatu daga gida saboda yanayi, a lissafa su cikin kwanakin makaranta. Birnin Niyok ma ya koma wannan tsari bayan annobar korona, ko da yake ranar 13 ga Fabrairun 2024 da aka gwada shi a lokacin dusa, ɗimbin yara da malamai sun kasa shiga manhajar da safe. A matsayina na malama zan faɗi ra'ayina, wanda ba lallai shugabannina su so shi ba: ɗan shekara bakwai ba ya karatu ta kwamfuta sai da babba a gefensa, saboda haka wannan tsari bai rage wa iyaye nauyi ba, ƙara musu ya yi. Idan wanda kuka bar wa yaran bai iya shigar da su ba, ku aiko wa malami saƙo, babu wanda zai kori yaro a kan haka. Abin da nake so kawai shi ne a dawo da kwamfutar makaranta gida da cajarta duk daren da ake hasashen dusa, kuma a rubuta kalmar sirrin shiga a takarda a manna a jikin firji.

Akwai kuma batun ci. Yaran da ke karin kumallo da abincin rana a makaranta, kuma a jiharmu kyauta ne ga kowane ɗalibi tun 2023, idan sun zauna a gida kwana uku za ki ga buhun biredi ya tafi kamar an yi sata.

Ma'aikaciyar Jinya, Houston:
A kan abinci mu ne muka fi kowa sa'a, domin kayan gargajiyarmu ba sa bukatar wuta. Garin kwaki da sukari da madarar gari, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, gyaɗa, duk suna daɗewa kuma suna riƙe ciki. A haɗa da biredi da kifin gwangwani da abin buɗe gwangwani na hannu. Ruwa ne aka fi mantawa. Shawarar hukumomi galan ɗaya ga kowane mutum a rana, kusan lita huɗu, na kwanaki da dama, amma gidan da ake alwala sau biyar kuma ake shiga bayi da buta ya ƙara a kan haka. Idan za a tara ruwa a bahon wanka, a kulle ƙofar saboda ƙananan yara. Firji yakan riƙe sanyinsa kamar awa huɗu idan ba a buɗe shi ba, firiza cikakkiya kuma kwana biyu. Tocila da batir sun fi kyandir, don kyandir da yara a ɗaki ɗaya ba su haɗu ba.

Malam Liman, Shikago:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina da gyara ga kanmu masu kula da masallatai. A ƙarshen Janairun 2019, lokacin da sanyi ya kai digiri 23 ƙasa da sifili na Farenhait a garin nan aka rufe makarantun gwamnati kwana biyu, akwai iyayen da suka kira ni suna tambaya ko za a yi Islamiyya da yamma, har wani yana ganin rufe ta rauni ne na imani. Na karanta masa abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim, cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi kiran salla a wani dare mai sanyi da iska sannan ya ce a yi salla a gida, ya kuma faɗi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan umarci ladan da haka a dare mai sanyi da ruwa. Idan an yi rangwame a jam'in salla, ina ga karatun yara? Tun daga nan muka tsayar da ƙa'ida: duk ranar da gunduma ta rufe, Islamiyya a rufe take, ba sai an kira kowa ba.

Game da tambayar 'yarmu ta farko, abin da muka yi shi ne, kowace shekara kafin sanyi ya shiga mukan zauna bayan sallar Juma'a a rubuta gidajen da ke kusa da juna, a san wace ce ba ta fita aiki ranar Litinin, wane ne yake aikin dare yana gida da rana, a haɗa gida uku ko huɗu su riƙa karɓa-karɓa. Sharaɗin shi ne gidajen su kasance inda za a iya zuwa da ƙafa, domin ɗan'uwan da ke nesa da tafiyar rabin awa a mota ba shi da amfani ranar da aka hana tuƙi. Kuma mun ce a yi maganar kuɗi ko ramuwa a fili tun farko. Kunya ce take kashe irin wannan shiri, mace ɗaya ta yi ta karɓar 'ya'yan mutane tana ciyar da su har ta gaji ta daina ɗaga waya.

Hajiya Babba, Bronx:
Malam, wannan na yarda da shi. Amma ina nan a kan bakana cewa a koya wa babbar yarinyar riƙon gida, ta san lambar gaggawa, ta haddace adireshinsu, ta san inda tocila take. Ko an kai su gidan maƙwabta, ita ce za ta kula da ƙannenta a can.

Sabuwar Zuwa, Minneapolis:
Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya bar zumunci. Jiya na je makarantar, kuma kamar yadda Malama ta yi zato, tsohuwar lambar da muka saya a filin jirgi ce a rajistarsu. Da yamma na yi ta maza na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu da kwanon dambu a hannu. Ashe wata dattijuwa ce 'yar Somaliya, tana zaune da ɗanta da jikokinta biyu da ke makaranta ɗaya da nawa. Ba ta jin Turanci sosai, ni kuma ba na jin yarensu, sai surukarta ta yi mana tafinta. Dattijuwar ta amince ta riƙe yarana duk ranar da aka rufe, ni kuma zan riƙa karɓar jikokin ranar Asabar, kuma gobe za mu je a sa sunan surukar a takardar masu ɗaukar yara. Ranar Talata ce kaɗai ta rage, saboda ranar take zuwa asibiti, kuma maigidan ya ce zai yi magana da shugabansa tun yanzu a kan ya riƙa musayar ranar idan ta kama. Ƙararrawar hayaƙinmu tana aiki, amma babu ta iskar kabon monoksaid, na rubuta wa mai gidan. Saura tambaya ɗaya ga Malam Direba: safar hannu mai yatsu ko mai dunƙule ce ta fi dacewa da ɗan shekara biyar?

Direban Bas, Winnipeg:
Mai dunƙule, 'yar'uwa, domin yatsun suna ɗumama juna a ciki, kuma ki nemi wadda ruwa ba ya ratsa ta. Ki sayi biyu ki rubuta sunansa a jiki, don a ƙarƙashin kujerun bas ɗina kaɗai ina tsintar safar hannu marar 'yar'uwa kusan kullum.